The Beatles ko The Rolling Stones: da wacce za ka fara?

Ɗan yayata ya sayo jita 'yar gwanjo, tsirkiya ɗaya ma ta tsinke, ya same ni da la'asar ina shan shayi a ƙofar gida. Ya ce, "Kawu, mai koya mini ya ce in ɗauki tsohuwar ƙungiya ɗaya ta kiɗan rok in bi waƙoƙinta tun daga tushe. Ya ba ni suna biyu, Beatles da Rolling Stones. Wacce ta fi?" Na ce ta fi a wane fanni? Ya yi sororo. Ban ga laifinsa ba, domin sama da shekara 60 ke nan Turawa na wannan musu, har yau ba a tashi kasuwar ba. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa a nan, ga duk mai son kashe data ko kuɗin faifai a kan ɗayarsu, da kuma mawaƙin da ke son sanin yadda waƙa ke zama dukiya ko ta zama ta wani.

Ƙasa ɗaya suka fito, kusan lokaci ɗaya. Beatles 'yan Liverpool ne, garin tashar jiragen ruwa a arewa maso yammacin Ingila. John Lennon da Paul McCartney da George Harrison suka fara amsa wannan suna a 1960, makaɗin ganga Ringo Starr ya shigo a 1962. Kafin duniya ta san su sun gasu a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, inda suke kwana suna kiɗa wa mashaya da ma'aikatan jirgin ruwa. Rolling Stones kuwa a Landan suka haɗu. A watan Oktoban 1961 Keith Richards ya ga Mick Jagger, abokinsa na firamare, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, rungume da faya-fayan Chuck Berry da Muddy Waters. Daga hirar faya-fayan nan aka samu ƙungiya. Brian Jones ya raɗa mata suna daga wata waƙar Muddy Waters, suka yi wasansu na farko a gidan rawa na Marquee ranar 12 ga Yulin 1962, sannan Bill Wyman mai jitar bes da Charlie Watts mai ganga suka biyo.

Abin dariyar shi ne yadda manajoji suka musanya musu riga. Beatles, waɗanda yawancinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne (mahaifin Harrison direban bas ne), Brian Epstein ya cire musu rigunan fata ya sa musu kwat da nakatayi, ya koya musu rusunawa bayan waƙa, har iyaye suka saki jiki da su. Jagger kuwa ɗan malamin makaranta ne, ɗalibi a makarantar koyon tattalin arziki ta Landan, amma Andrew Loog Oldham, yaro ɗan shekara 19 da ya taɓa yi wa Beatles aikin talla, ya sayar da ƙungiyarsa a matsayin fitinannun samarin da uba ba zai so ya gani a zaurensa ba. Gabar da jaridu suka riƙa rurutawa yawancinta talla ce. Kamfanin Decca da ya ƙi ɗaukar Beatles a farkon 1962, ya dawo yana cizon yatsa, Harrison ne ya nuna masa Stones a 1963. Faifan Stones na biyu ma Lennon da McCartney ne suka rubuta musu waƙar. Bayan shekara 60, a kundin Stones na 2023, McCartney ya kaɗa musu bes a waƙa ɗaya. Don haka kada ka ɗauka zaɓen ɗaya cin amanar ɗaya ne.

Inda suka rabu da gaske shi ne a kunne. Beatles masu kari ne. Ka ji waƙarsu sau biyu, gobe ka tsinci kanka kana rera ta a banɗaki ko da ba ka san ma'anarta ba. Mutum uku ne ke haɗa murya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma kowannensu yana rubuta waƙa, Lennon da McCartney tun farko, Harrison daga baya. Sannan ba sa zama wuri ɗaya. Waƙoƙi 10 na kundinsu na farko a yini ɗaya aka naɗe su, ranar 11 ga Fabrairun 1963, har muryar Lennon ta dushe a ta ƙarshe. Shekara huɗu bayan haka sun shafe watanni a situdiyo suna haɗa kundin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, da makaɗan goge da masu busa, da kaset da ake yankawa a liƙa, da kayan kiɗan Indiya da Harrison ya koyo wurin Ravi Shankar. George Martin, mai shirya musu sauti a kamfanin EMI, shi ke mayar da mafarkinsu abin da makaɗa za su iya karantawa. Wanda ya bi kundayensu a jere zai rantse ƙungiyoyi uku ya saurara.

Stones masu kiɗa ne. Tushensu buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, har sun je Chicago a 1964 sun yi naɗi a situdiyon Chess, inda iyayen gidansu suka yi nasu. Waƙar Stones takan tsaya ne a kan gajeren salon jita guda ɗaya da ake ta maimaitawa, Jagger na hawa kansa da murya, 'yan amshi na karɓa. Mai kunnen da ya tashi da gurmi ko kuntigi ba zai ji baƙunta a nan ba. Wanda kuma ya saba da jitar Abzinawa ta Agadas da Kidal zai ji kamar ya shiga gidan dangi; ba banza ba Tinariwen, ƙungiyar makaɗan Abzinawa, suka buɗe wa Stones wasa a ƙasar Ayalan a 2007. Ka sa abin ji a kunne ka bi Charlie Watts kaɗai na minti ɗaya. Hannunsa na dama yana kan faifan ƙarfe yana ƙirga lokaci, amma duk sanda na hagu zai sauka kan ƙaramar ganga sai ya ɗage na daman, dukan ya fito shi kaɗai, tas. Kuma a yawancin ƙungiyoyi kowa makaɗin ganga yake bi, a Stones mai ganga ne ke bin jitar Richards, ya riƙa sauka kamar ƙiftawar ido a bayansa. Wannan ɗan jinkirin shi ke sa kiɗansu rangaji kamar zai faɗi, bai kuwa faɗuwa. Ni dai nan ne zuciyata take, gara in faɗa tun yanzu.

Sai batun kuɗi, kuma a nan labarin ya fi daɗi.

Idan lissafin faifai ake yi, babu musu. Ana ƙiyasta Beatles sun sayar da kusan miliyan 600 a duniya, Stones sama da miliyan 200. Waƙoƙin Beatles 20 ne suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, na Stones 8. Ranar 9 ga Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan, kuma a makon farko na Afrilun shekarar, matsayi na ɗaya zuwa na biyar a jadawalin duk nasu ne. Duk wannan cikin shekarun da ba su kai 8 ba suna fitar da faifai, daga Oktoban 1962 zuwa Mayun 1970. Tarin waƙoƙinsu da aka fitar a 2000, shekara 30 bayan rabuwarsu, shi kaɗai ya haura kwafi miliyan 30.

Amma wa ya ci moriyar? Yarjejeniyarsu ta farko da EMI kwabo ɗaya ce ta tsohon kuɗin Ingila a kan kowane ƙaramin faifai, su huɗu su raba, bayan manaja ya cire nasa. Da aka zo batun kayan talla a Amurka, riguna da 'yan tsana da hular gashi masu ɗauke da sunansu, sai aka sa hannu a takardar da ta ba wani kamfani kashi 90 cikin 100, su kuma 10. Mafi ciwo shi ne haƙƙin mallakar waƙoƙin. A 1963 aka kafa Northern Songs don riƙe abin da Lennon da McCartney suka rubuta, amma ragamar tana hannun ɗan kasuwa Dick James da abokin cinikinsa. A 1969 James ya sayar wa kamfanin ATV da kasonsa ba tare da ya tuntuɓe su ba. A 1985 Michael Jackson, wanda McCartney da bakinsa ya faɗa wa cewa arzikin waƙa yana cikin haƙƙin mallaka, ya saye ATV a kan dala miliyan 47.5. A 2016 Sony ya biya magadan Jackson dala miliyan 750 don rabin kamfanin da suka haɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su kansu Beatles ba 'yan kasuwa ba ne: bayan mutuwar Epstein a 1967 sun kafa kamfaninsu, Apple Corps, suka buɗe kantin tufafi a Landan, cikin 'yan watanni asara ta ishe su har suka buɗe ƙofa suka ce kowa ya ɗiba kyauta. Rigimar wanda zai riƙe musu kuɗi na cikin abin da ya wargaza su. Uku suka zaɓi Allen Klein, McCartney ya ƙi, ya kai ƙara kotu a ranar ƙarshe ta 1970 a raba tarayyar.

Wannan Klein ɗin shi ne manajan Stones tun 1965, kuma su ma sun sha nasu. Da suka rabu da shi, sai suka tarar duk abin da suka naɗa kafin 1971 yana hannun kamfaninsa, ABKCO, ciki har da waƙar da ta fara kai su matsayi na ɗaya a Amurka a 1965. Ga bashin haraji, a lokacin da gwamnatin Birtaniya ke karɓar fiye da kashi 80 cikin 100 daga masu babban samu. Bambancin shi ne Stones sun rayu har suka yi amfani da darasin. Jagger ya ɗauko wani ma'aikacin banki, Rupert Loewenstein, mutumin da ko son kiɗan rok ba ya yi, ya riƙe musu lissafi kusan shekara 40. Shi ya ba su shawarar barin Ingila a 1971, suka koma kudancin Faransa, inda suka naɗi yawancin kundinsu Exile on Main St. a ɗakin ƙarƙashin gidan da Richards ya kama haya, cikin zafi da hayaƙi. Suka kafa kamfanin faifai nasu. Tambarin nan na jan baki da harshe a waje, da kake gani a rigunan gwanjo a jikin yaran da ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ba, wani ɗalibin zane ne, John Pasche, ya zana, aka biya shi fam 50 da farko.

Daga nan suka gane cewa faifai ana iya ƙwace shi da takarda, amma babu mai hawa dandamali a madadinka. Beatles sun daina rangadi tun 29 ga Agustan 1966 a San Francisco, saboda ihun 'yan kallo ya hana su jin kansu. A filin Shea na New York a 1965, gaban mutum 55,600, muryarsu ta lasifikar sanarwar filin take fita. Stones suka ɗauki abin da Beatles suka yar suka mai da shi masana'anta. A 1981 wani kamfanin turare, Jovan, ya biya don a sa sunansa a rangadinsu, abin da ba a saba ba a lokacin. Rangadin 1994 zuwa 1995 ya tara dala miliyan 320. Na 2005 zuwa 2007 ya tara miliyan 558, mafi yawa a tarihi har ƙungiyar U2 ta karya shi. A cikinsa suka yi wasan kyauta a bakin tekun Copacabana na Brazil, inda aka ƙiyasta mutum miliyan 1.5. Da Microsoft zai ƙaddamar da Windows 95, waƙarsu ya saya ya yi talla da ita. Brian Jones ya mutu a 1969, mai jita Mick Taylor ya zo ya tafi, Ronnie Wood ya gaje shi a 1975, Wyman ya ajiye a 1993, Watts ya rasu a Agustan 2021 yana da shekara 80, amma motar ba ta tsaya ba. Jagger da Richards, haifaffun 1943, sun yi rangadin Amurka a 2024.

Mawaƙin da ke karanta wannan don neman hanyar abinci, Stones ne makarantarsa, Beatles kuma allon gargaɗi ne a bakin hanya. Amma kar a wuce gona da iri. Hanyar Stones sai da lafiya da ƙarfin jiki, ga sa'ar abokan da za su jure juna ko ba sa ga-maciji. Jagger da Richards sun daɗe a tsakiyar shekarun 1980 suna jifan juna da magana a jarida. Beatles kuwa rabinsu na kabari, Lennon an harbe shi a New York a Disamban 1980, Harrison ya rasu a 2001, amma waƙoƙin na ci gaba da shigo da kuɗi, har wata da aka kammala daga tsohon kaset ɗin Lennon ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2023.

Ga mai sauraro kawai, akwai abubuwan da suka fi wannan lissafin amfani. Na farko yawan kaya. Duk abin da Beatles suka fitar suna tare waƙa 200 ne da 'yan kai, za ka iya cinye su a Asabar da Lahadi, kuma tsakuwar ciki kaɗan ce. In kana gaggawa, kundayen Rubber Soul da Revolver da Abbey Road sun isa su nuna maka ko za ku shirya. Stones suna da kundaye sama da 20, kuma gaskiya bayan 1981 sai ka tsince shinkafar da kyau. Zinariyarsu tana cikin huɗu da suka fito a jere: Beggars Banquet a 1968, Let It Bleed a 1969, Sticky Fingers a 1971, da Exile a 1972. Kada ka fara da Exile, duk da masana sun fi yabonsa. Muryar tana nutse cikin kiɗa, sai an saurara sau da yawa yake buɗewa. Sticky Fingers ne ƙofar shiga. Ka kuma lura cewa kundayen Stones na farko-farko suna da bugun Birtaniya da na Amurka, sunaye da jerin waƙoƙi daban, duka kuma za ka iya cin karo da su a manhajar sauraro, ka biya data kana maimaita abu ɗaya. Na Beatles an daidaita su a kan bugun Birtaniya tun 1987.

Na biyu Turanci. Waƙoƙin Beatles na farko kalmominsu na ɗan aji uku ne, a fili suke furta su, har ana koyon yaren da su. Jagger kuwa yana tauna kalma yana kwaikwayon bakin mutanen kudancin Amurka, Baturen Ingila ma wani lokaci sai ya nemi rubutun.

Na uku kunya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai kunna waƙa a mota da iyali. Stones suna da batsa da zancen ƙwaya a fili. Akwai fitacciyar waƙarsu ta 1971 da ta haɗa bauta da sha'awa, wadda su da kansu suka cire daga wasanninsu a 2021. Beatles ma ba waliyyai ba ne. Sun sha abin da suka sha, kuma maganar da Lennon ya yi a 1966 yana gwada farin jininsu da na Annabi Isa ta sa an ƙona faya-fayansu a kudancin Amurka. Amma a cikin waƙa sukan lulluɓe abin, yawanci za ka kunna gaban surukarka ba ka nemi maɓallin rage murya ba.

Wani abu a gefe, tunda a ƙasarmu ya faru. A 1973, bayan rabuwar Beatles, McCartney ya zo Legas da sabuwar ƙungiyarsa, Wings, ya yi naɗi a situdiyon EMI na Apapa. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa da dare suka tafi da kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da yake naɗa kafin ƙura ta lafa. Kundin da ya fito daga wannan wahala, Band on the Run, na cikin mafiya kasuwa da ya yi bayan Beatles.

To, da wacce za a fara? Wanda bai taɓa shiga wannan duniya ba, ya fara da Beatles. Tafiyar gajera ce, tana da farko da ƙarshe, kuma duk wanda ya zo bayansu za ka gane inda ya ɗebo. Mai son koyon tsara waƙa, yadda ake fita daga baiti a shiga amshi, yadda ake ɗora murya kan murya, shi ma can zai je, ya daɗe. Wanda kuma waƙa ba ta kama shi sai ta motsa masa kafaɗa, kada ya ɓata lokaci, ya tafi kai tsaye ga kundayen Stones huɗun nan. Mai ganga ma haka.

Shi ɗan yayar tawa na ce masa ya miƙo jitar in gani. Ashe wadda ta tsinke ita ce ta can sama, mai kaurin. Na yi dariya, domin ita ce Keith Richards ke cirewa da gangan tun ƙarshen shekarun 1960, ya bar biyar. Na sassauta ta biyar ɗin da ta ƙasa siririyar, kowacce mataki ɗaya, na ce ya kaɗa duka ba tare da ya danna komai ba. Sauti ya fito cikakke. Na ce ya shimfiɗa yatsa ɗaya a gaɓa ta biyar ya sake kaɗawa, sannan ya matsa ta bakwai. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kawu, shi ke nan?" Na ce na yau ke nan, kuɗin tsirkiyar ya ajiye zuwa ranar da zai koma kan Beatles, don su sai da shida. Yana nan yana ta maimaita gaɓoɓin uku har aka kira magariba, uwarsa ta leƙo daga cikin gida ta ce in ba mu tashi ba za ta haɗa jitar da itacen girki.